Alkama Da Irin Da Ke Jure Cuta

Duk wanda ya san ƙasar Malumfashi da Funtuwa ya san masara da dawa da auduga ke cike da gonaki. Alkama kuwa sai da rani, a fadamu da wuraren ban ruwa, a shuka ta wajen Nuwamba, a girbe wajen Maris. To, 'yan'uwa, muna so mu yi bayanin cuta biyu da ke kama ta, domin mu kan ji an ce, "Wannan iri mai jure cuta ne," amma ba mai tambayar wace cutar.

Ta fari ita ce tsatsa. Wata irin fumfuna ce wadda iska ke yawo da ƙwayoyinta. In ta sauka a kara sai ya yi ja-ja, ta shanye abincin shukar, ƙwaya ta motse. Wani Ba'amurke, Norman Borlaug, ya soma aiki a ƙasar Meziko a 1944, yana auratar da iri da iri har ya sami masu jure ta. Manoma suka huta shekara da shekaru. Ashe ita ma tsatsar ba barci ta ke yi ba. A 1998 aka ga wata sabuwa a Uganda, wadda aka sa wa suna Ug99, ta kama alkamar da a da ta gagari tsatsa. Kafin 2007 ta ƙare har ta kai Iran. Saboda haka masu binciken alkama, kamar na Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, ba su da ranar ajiye aiki.

Ta biyu ta fi mugunta, don ba a gona ɓarnarta ke tsayawa ba. Sunanta Fusariyam. Zangarniya ta ke kamawa lokacin fure, in akwai laima, sa'an nan ta bar guba cikin ƙwaya, mai sa amai da ciwon ciki. Niƙa ba ya kawar da gubar nan, wutar alkaki ko ta funkaso ma haka. Irin da ya jure tsatsa kuwa ba lalle ne ya jure wannan ba. Wata alkamar ƙasar Sin, Sumai 3, ita aka fi dogara da ita, ita ma hana cutar yaɗuwa cikin zangarniya ta ke yi, ba hana ta shiga ba.

A nan Allah ya yi mana rangwame: alkamarmu cikin hunturu ta ke fure, iska a bushe, fumfuna ba ta sakewa. Inda abin ya ke shi ne masara da gyaɗa, waɗanda ke nuna da damina. Gubarsu, afalatoksin, tana lalata hanta. An gano ta bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa. A Kenya kuma gurɓatacciyar masara ta kashe mutum 125 a 2004. Wanda ya zuba masara a buhu da sauran danshi, don ɗokin kasuwar Ɗandume, bai san wa zai ci ba.

Masanan IITA a Ibadan sun fito da wata dabara mai ban sha'awa, watau Aflasafe: ƙwayar dawa ce da aka lulluɓe da fumfuna marar guba. A kan watsa kilo 10 a kadada ɗaya, mako biyu zuwa uku kafin masara ta yi bunu, sai marar gubar ta riga mai gubar kama wuri.