Waƙar Yaran Zango Da Dillalan Intanet

A da, idan yaro ya yi waƙa a Nima ta Accra ko Aboabo ta Kumasi, sai ya bi masu sayar da kaset shago-shago yana roƙo su sa masa a lasifika. Yau kasuwar ta koma cikin waya. Tun shekarar 2021 Spotify ta shigo Ghana, ga Boomplay da Audiomack a hannun matasanmu. Black Sherif, ɗan zangon Konongo, a wannan shekarar sunansa ya game ƙasa, har kowane yaro mai murya ya ce shi ma zai gwada.

To, amma Spotify da Apple Music ba sa karɓar waƙa kai tsaye daga hannun sabon mawaƙi. Sai ta hannun dillali, wato kamfanin rarraba waƙa. Shi ne zai kai ta kasuwannin, ya ba ta lambar shaida ta ISRC, ya tara kuɗin sauraro ya miƙa wa mai ita.

Dillalan nan kowa da tsarinsa. DistroKid da TuneCore kuɗin shekara suke karɓa, in an daina biya waƙar na iya sauka. CD Baby kuwa sau ɗaya ake biyansa, amma yana cire kashi 9 cikin 100 na abin da waƙar ta samo. Audiomack ta yarda mawaƙi ya ɗora da kansa kyauta. Sai dai kada a sa rai da yawa da farko: tun 2024 Spotify ba ta biyan waƙar da ba a saurara sau 1,000 ba cikin wata 12.

Abin da ya fi damun mu shi ne wannan. Yawancin yaranmu ba su da katin banki mai biyan dala, sai su miƙa waƙar ga wani babban yaya ko mai situdiyo ya ɗora musu da sunansa. Ranar da waƙar ta karɓu, kuɗin asusunsa za su shiga, yaro kuma ba shi da ko takarda ɗaya da zai nuna. Zumunci ya ɓaci, wahala ta tashi a banza.

Don haka muke kira ga matasanmu: ku buɗe asusun da sunanku da adireshin imel naku, ko da wani ne zai biya muku. Ku rubuta kason mai kiɗa da na mai waƙa, kowa ya sa hannu gaban shaidu kafin a saki waƙar. Ku yi rajista da GHAMRO, domin kuɗin sa waƙa a rediyo da wuraren taro ta can suke bi. Iyaye kuma, kada mu ce ba ruwanmu. In an kawo wa yaro takardar yarjejeniya da Turanci, mu nemo mai karatu ya fassara masa kafin ya sa hannu. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya sa mu dace, amin.