Manhajojin lissafin abinci a waya: Wa suke amfana, kuma ina suke gazawa?

Miliyoyin mutane a duniya sun mayar da wayoyinsu littafin ajiyar abin da suka ci. Manhajoji irin su MyFitnessPal da Lose It! da Cronometer suna karɓar sunan abinci da adadinsa, su fitar da yawan kalori, wato ma'aunin kuzarin da jiki ke samu, tare da furotin da sitaci da maiƙon da ke ciki. Masu ɗaga ƙarfe don gina ƙwanji da masu fama da teɓa duk sun rungume su, amma amfanin da kowane ɓangare ke samu ba ɗaya ba ne.

Yadda lissafin yake

Tushen lissafin ya girme wa wayar salula nesa ba kusa ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masanin kimiyya ɗan Amurka Wilbur Atwater ya kafa ƙa'idar da ake bi har yau: giram ɗaya na furotin ko sitaci yana ba da kalori 4, giram ɗaya na mai kuma kalori 9. Manhajar tana tambayar shekaru da tsawo da nauyi da jinsi, sai ta ƙiyasta buƙatar jiki ta yini, galibi da tsarin Mifflin-St Jeor da aka wallafa a 1990. Wannan ƙiyasi an gina shi ne a kan matsakaicin jama'a, don haka mutum biyu masu nauyi ɗaya na iya bambanta a ainihin abin da jikinsu ke ƙonawa.

Ga masu gina jiki

A nan ne amfanin manhajar ya fi fitowa fili, domin mai gina tsoka yana da adadi takamaimai da yake nema. Wani nazari da ya tattara gwaje-gwaje 49, wanda mujallar British Journal of Sports Medicine ta buga a 2018, ya nuna cewa ƙaruwar tsoka ga mai ɗaga ƙarfe tana tsayawa ne a wajen giram 1.6 na furotin a kan kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 ke nan yana neman giram 112, ninki biyu na giram 56 da ya wadaci wanda ba ya irin wannan atisaye. Tunda ƙwai ɗaya bai wuce giram 6 ba, abu ne mai sauƙi mutum ya zaci ya cika adadin alhali bai kai rabi ba.

Masu shiga gasa kuma sukan raba shekara gida biyu, lokacin ƙara nauyi da lokacin zubar da kitse. A kashi na biyun, rage abinci fiye da kima yana cin tsokar da aka sha wahalar ginawa. Ga su da cin abu ɗaya kusan kullum, suna kuma auna shi a kan sikeli, saboda haka alƙalumansu sun fi kusa da gaskiya.

Ga sauran jama'a

Hujjojin sun rabu. Binciken da cibiyar Kaiser Permanente ta Amurka ta jagoranta a 2008 kan mutum kusan 1,700 ya gano cewa masu rubuta abincinsu kullum sun rage nauyi ninki biyu na waɗanda ba sa rubutawa. Sai dai gwajin da aka yi a jami'ar UCLA kan mutum 212, aka wallafa a 2014, bai ga wani bambancin a zo a gani ba bayan wata shida tsakanin waɗanda aka bai wa MyFitnessPal da waɗanda ba a bai wa ba. Akasarinsu sun yi watsi da manhajar bayan watan farko. Abin da ke aiki shi ne ɗorewar lura da abin da ake ci, ko a waya ko a takarda.

Akwai kuma matsalar mantuwa da son zuciya. Binciken da mujallar New England Journal of Medicine ta buga a 1992 kan wasu masu ƙiba da suka ce rage cin abinci ba ya yi musu aiki ya gano sun rage kashi 47 cikin 100 na abin da suka ci wajen ba da rahoto. Ko alƙaluman jikin kwali ba su tsira ba, domin dokar Amurka ta yarda kalorin abinci ya zarce abin da aka rubuta da kashi 20 cikin 100.

Tuwo da miya ba su da lamba

An gina rumbun bayanan waɗannan manhajoji ne a kan abincin kanti mai lambar da waya ke karantawa. Malmalar tuwo ba ta da girma ɗaya, haka ludayin miyar kuka ko taushe ya danganta da hannun mai girki. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja yana ɗauke da kalori kusan 120, kuma mai sayen ƙosai ko waina a bakin titi ba shi da hanyar sanin man da suka sha. Inda iyali ke haɗa hannu a kwano ɗaya, auna rabon mutum guda ya ƙara wuya. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta sabunta shi a 2019, amma da yawa daga bayanan abincin gida da ke cikin manhajojin masu amfani ne suka shigar da su ba tare da tantancewa ba.

Haɗurran da ke tattare da su

A wani nazari na 2017 kan mutum 105 masu lalurar cin abinci, kimanin kashi 75 cikin 100 sun ce suna amfani da MyFitnessPal, kuma kashi 73 na waɗannan sun ce ta taimaka wajen ta'azzara lalurar. Nazarin ƙarami ne, bai kuma tabbatar da cewa manhajar ce sanadi ba, amma gargaɗi ne ga matasa da duk wanda lissafin ya fara hana shi sakat. Batun sirri ma yana nan: a 2018 kamfanin Under Armour, wanda ya sayi manhajar kan dala miliyan 475 a 2015, ya sanar da cewa an kutsa cikin asusu kimanin miliyan 150.

Ga mai gina jiki da ke da sikeli da manufa, manhajar kayan aiki ce da ta cancanci wahalarta. Ga mai neman lafiya kawai, mako biyu zuwa uku na rubutawa da gaskiya sukan isa ya gane inda mai da sukari da lemon kwalba ke shigo masa, daga nan ya gyara girki ya ajiye lissafin. Masu ciwon sukari ko na ƙoda da mata masu juna biyu kuwa, likita ko masanin abinci ne ya kamata ya yanke musu adadin da za su bi.