Na Yi Musu Rigakafi, Me Ya Sa Suke Mutuwa?

Da bazara ta kama, tambayar da na fi samu daga Gurbin Bore, Zurmi da Kaura Namoda ita ce: "Malam, na ba su Lasota, na ba su Gumboro, amma kullum sai na kwashe gawa. Ko maganin jabu ne?" Wani lokaci haka ne, ko kuma rigakafin ya sha zafi a hanya ya lalace. Amma sau da yawa matsalar tana jikin kazar: takura ta riga ta karya mata garkuwa.

Wannan ba zancen baka ba ne. A 1936, Hans Selye na Jami'ar McGill a Kanada ya sa ɓeraye cikin tsananin sanyi da gajiya. Da ya duba cikinsu, sai ya tarar 'yar tsokar ƙirji mai renon ƙwayoyin garkuwa ta motse, tumbinsu kuma ya yi gyambo.

Haka abin yake ga kaza. Idan ta takura, jikinta na sakin sinadarin kotikosteron. In ya daɗe a jini, sai ya rage ƙwayoyin limfosait, waɗanda su ne ke "haddace" rigakafi. Ita ma 'yar jakar nan ta kusa da dubura, bursa, inda ake ƙyanƙyashe wasunsu, sai ta shanye. Ka ga ka ba da darasi, amma ajin ba ɗalibai. A tarwaɗa, kotisol ne ke wannan ɓarna, musamman bayan tacewa ko in ruwa ya gurɓace.

To mu duba halinmu. Tsaki ya taso tun daga Ibadan a mota, ya iso cikin zafin Afrilu da kan haura digiri 40, ga rufin kwano, ga cunkoso. Kaza kuwa ba ta gumi, sai haki.

Shawarata:
• Ku bar su su huta, su sha ruwa mai sanyi da bitamin kafin rigakafi.
• Ku ba da shi da sassafe.
• Ku rage cunkoso, ku shimfiɗa kara a kan kwano.
• Kajin da kuka sayo a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis, ku ware su mako biyu.

Allah ya sa albarka a kiwonmu.