Madatsar Ruwa ta Tiga: Ruwa Ɗaya, Masu Haƙƙi da Yawa

Ina ɗan makarantar firamare aka datse Kogin Kano a Tiga, a zamanin mulkin marigayi Gwamna Audu Bako. An fara aikin a 1971, aka kammala a 1974, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasar Hausa. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya mamaye fili mai faɗin murabba'in kilomita 178.

Manufar farko ita ce noman rani. Daga gindin madatsar aka haƙa babbar hanyar ruwa da ta biya ta Ruwan Kanya, sannan ta rarrabu zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Manomin da a da yake zaman jiran damina sai ya koma noman alkama da tumatir da shinkafa da rani. Ragowar ruwan da ake saki cikin kogi, shi matatar Tamburawa take tacewa domin mutanen birnin Kano. Daga baya kula da madatsar ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976.

Wutar lantarki kuwa ta zo a makare. Sai a zango na biyu na mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso (2011-2015) aka fara aikin tashar lantarki a Tiga, mai ƙarfin megawat 10. Ya kamata mai karatu ya lura cewa injin ba ya shanye ruwa. Ƙarfin gangarowarsa ne yake juya shi, ruwan ya wuce abinsa. Sai dai idan tafki ya ja baya, wuta ma ta ragu.

Amma fa akwai waɗanda suka ji a jikinsu. Kogin Kano shi ne babban reshen Kogin Haɗeja. Da aka tsare ambaliyar da take cika fadamun Haɗeja da Nguru kowace shekara, kifi da makiyaya sun ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama.

Don haka nake roƙon malamanmu, idan za su koyar da tarihin Tiga, su haɗa da labarin masuncin Nguru, kada su tsaya ga manomin Kadawa kaɗai. Dukkansu kogi ɗaya suke sha.