Saƙar kaba a ƙasar Waca: sana'ar kaka da kakanni

Waca tsohon gari ne na ƙasar Sosebaki, tare da Mirya da Dungas. Yana cikin yankin Magarya, a jihar Damagaram, kusa da yankin Dungas wanda aka ware daga Magarya a shekara ta 2011. Ƙasa ce mai rairayi da fadamu, ruwa kuma ba ya da nisa ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa goruba take jin daɗinta. Da zarar an gama girbin hatsi, an kai amfani rumbu, gidaje da yawa sai su koma ga saƙar kaba.

Kaba ita ce ƙaramar goruba wadda ba ta yi tsawo ba. Ana yanko ganyenta, a shanya shi ya bushe, a tsattsage shi siri-siri. Kafin a fara saƙa sai a jiƙa shi da ruwa domin ya yi laushi, kada ya kakkarye. Mai son ado yakan rina wani sashe, ko da karan dafi mai ba da ja, ko da garin rini na kasuwa. Saƙar iri biyu ce. Akwai wadda ake kitsa dogon layi, daga baya a haɗa layukan a ɗinke, kamar yadda ake yin tabarma da sanho. Akwai kuma wadda ake naɗe curin kaba ana zagayawa, ana ɗinkewa da basilla, kamar yadda ake yin faifai.

Babba cikin kayan nan shi ne adudu, akwatin mutanen da, mai murfi, inda ake adana tufafi. Wani lokaci baduku yakan lulluɓe shi da fata domin ƙarko. Kalmar lefe ma, wadda kowa ya sani a sha'anin aure, asalinta sunan kwandon kaba ne da ake zuba kayan amarya. Yau akwatin kanti ya karɓi aikin, sunan kaɗai ya rage.

Ga talaka, wannan sana'a ba ƙaramar madogara ba ce. Kuɗin faifai da tabarma su ne kuɗin gishiri da sabulu da magani, musamman ga mata da tsofaffi, a lokacin da matasa suka tafi cin rani. Kayan sukan kai kasuwannin Magarya da Damagaram, har su tsallaka iyaka zuwa Maigatari a Najeriya.

Amma matsaloli biyu sun taso. Ta farko ita ce kayan roba, masu araha, waɗanda suka cika kasuwanni. Ta biyu ta fi tsanani: kabar da ake yanka kullum, har da zuciyarta, ba ta zama goruba. In babu manyan itatuwa babu ƴaƴa, in babu ƙodago kuwa babu sabon tsiro. Farin shekarun 1973 da 1984, da faɗaɗa gonaki, sun ƙara rage ta. Ko a Gulbin Kaba na jihar Maraɗi, wanda daga gare ta ya samo sunansa, sai da aka tsara yadda za a riƙa yanka.

Dokar daji ta 2004 ta tanadi kare itatuwa, amma doka kaɗai ba ta isa. Manoman Magarya da Matamai da Mirya sun riga sun nuna hanya, tun da suka mayar da gawo cikin gonakinsu ta barin tsiro ya girma. Haka ya kamata a yi wa kaba: a kowane gindi a zaɓi tsiro ɗaya ko biyu masu ƙarfi a ƙyale su su tashi, a daina yanke zuciya. Ya kamata kuma masaƙa su haɗa kai cikin ƙungiya, su sayar da kayansu tare, wanda ya yi karatun manya ya riƙe musu littafin lissafi. Hakimai da masu gari da ma'aikatan daji, kowa da nasa rabon aiki, domin ƴan baya su tarar da goruba a tsaye.