Yadda Ake Tura Fayil Daga Kwamfuta Zuwa Kwamfuta Da Kebul, Ba Data Ba Filash

Duk wanda ya saba da wayar hannu ya san Xender. Wayoyi biyu su haɗu, cikin mintuna kaɗan fim ya tsallaka, ba a ƙona ko megabait ɗaya na data ba. Amma da zarar magana ta koma kan laftof sai mutane su rikice, a koma neman aron filash.

A Wudil wannan matsala ta fi tasowa a ƙarshen zangon karatu. Ɗalibin ajin ƙarshe a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, wadda har yanzu mutanen gari suka fi kira da tsohon sunanta KUST, ya yi sabuwar laftof ko kuma tsohuwar ta fara shure-shuren mutuwa. A cikinta akwai aikin furojet na shekara guda, da zane-zanen AutoCAD, da bidiyoyin darasi, da hotunan tun ajin farko. A ce duka sun kai gigabait 50. Ɗora su a Google Drive ba zai yiwu kyauta ba, domin gigabait 15 kawai yake bayarwa, ga kuɗin data sau biyu, na ɗorawa da na saukewa. Filash ɗin da za a aro kuwa wataƙila ya zaga shagunan buga takardu na bakin makaranta, ya kwaso cutar nan mai ɓoye folda ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. In ma lafiyayye ne, idan tsarinsa FAT32 ne ba zai karɓi fayil guda da ya wuce gigabait 4 ba.

Alhali kebul ɗaya ya isa.

Kebul ɗin da bai kamata a gwada ba

Abu na farko da ke zuwa wa mutum a rai shi ne kebul mai kan USB irin na filash a ɓangarorin biyu. A guje shi. Kowace kafar USB ta kwamfuta tana fitar da wuta mai ƙarfin bolt 5, kuma an ƙera ta ne a matsayin mai ba da umarni ga abin da aka jona mata. Idan aka haɗa biyu kai tsaye, kowacce na tura wa 'yar'uwarta wuta, babu mai sauraron wata. Fayil ba zai wuce ba, kuma ana iya ƙona kafar, wani lokacin ɓarnar ta kai ga allon kwamfutar. Garin neman gira a rasa ido.

Akwai kebul ɗin USB na musamman da aka yi don wannan aiki. Ana gane shi da wani kumburi a tsakiyarsa ko a kai ɗaya, inda aka ɓoye ƙaramin allon da ke shiga tsakani. Ya yi tashe a zamanin Windows Vista da Windows 7, lokacin da ake da manhajar Windows Easy Transfer. Microsoft ta cire ta daga Windows 10, don haka yanzu sai da manhajar kamfanin da ya ƙera kebul ɗin. Ba ko'ina ake samunsa ba.

Kebul ɗin cajin waya mai kan Type-C a ɓangarorin biyu shi ba ya ƙona komai, amma a yawancin laftof ba ya tura komai. Sai idan kafofin biyu Thunderbolt ne ko USB4, kuma kebul ɗin ma irinsu ne. Ana gane kafar Thunderbolt da alamar walƙiya a gefenta. Mai irin wannan na'ura ya huta, gudunta ya ninka na sauran hanyoyin nesa ba kusa ba. Sai dai yawancin HP da Dell da Lenovo 'yan gwanjo da ke hannun ɗalibai ba su da ita.

Wanda ke aiki: kebul ɗin LAN

Shi ne kebul ɗin nan da ake gani a cibiyoyin jarrabawar JAMB da shagunan kafe, mai kan roba fari tas da ɗan maƙalli. Sunansa Ethernet, kan nasa kuma RJ45. Masu sayar da kayan kwamfuta a titin Beirut a Kano suna da shi, har sukan yanka wa mutum tsawon da yake so su matse masa kai. Mita ɗaya ko biyu ta wadatar, ko da yake yana iya kai saƙo har mita 100. A duba jikinsa a ga an rubuta Cat5e ko Cat6.

Tsofaffin masu gyara za su ce sai an nemo kebul ɗin "kuros", wanda aka sarƙe wayoyin cikinsa. A da gaskiya ne. Yanzu kafofin LAN masu gudun gigabit suna gane irin kebul ɗin da aka saka musu su daidaita kansu, kuma ko ɗaya daga cikin kwamfutocin biyu ce ke da wannan dabara, kebul na yau da kullum zai yi. Laftof siririya da ba ta da kafar LAN sai a saya mata adafta ta USB zuwa Ethernet. A nemi ta USB 3.0 mai gigabit, domin masu arha da yawa a megabit 100 suke tsayawa.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Gigabit ɗaya a daƙiƙa, idan aka raba da takwas, megabait 125 ke nan, a aikace kuma akan samu wajen 110. Gigabait 50 ɗin ɗalibin nan za su wuce cikin kimanin minti 8. A kan megabit 100 kuwa akan samu megabait 11 a daƙiƙa, aikin ya haura awa ɗaya da kwata. A garin da ba a san lokacin da za a ɗauke wuta ba, kuma batirin tsohuwar laftof bai wuce rabin awa, wannan lissafi ne da ya kamata a yi tun kafin a fara.

Saita adireshi

Bayan an jona kebul, ƙananan fitilu biyu a bakin kafar za su kama, in tana da su. Tunda babu rawuta a tsakani da za ta raba adireshin IP, Windows za ta jira kaɗan sannan ta ba kanta wanda ya fara da 169.254. Yana aiki, amma saita shi da hannu ya fi sauƙin tunawa.

A danna maɓallin Windows tare da R, a rubuta ncpa.cpl. A danna dama a kan Ethernet, a shiga Properties, sannan Internet Protocol Version 4. A zaɓi "Use the following IP address". Kwamfutar da ke ɗauke da fayilolin a ba ta 192.168.50.1, ta biyu kuma 192.168.50.2. Wajen Subnet mask duka a saka 255.255.255.0, sauran guraben a bar su fayau. An zaɓi 50 ne da gangan, saboda na'urorin MiFi da rawutocin gida sun fi amfani da 192.168.0 ko 192.168.1 ko 192.168.8, kuma idan adireshi ya zo ɗaya da na Wi-Fi ɗin da ake kai, kwamfutar na iya ruɗewa.

Inda aka fi maƙalewa

Nan ne mutane da yawa ke cire kebul su ce bai yi ba. Windows ba ta san wannan sabuwar hanya ba, don haka takan ɗauke ta a matsayin ta jama'a, wato Public, ta kulle ƙofofinta. Dole a buɗe da hannu. A rubuta "Advanced sharing settings" a wajen bincike, a kunna Network discovery da File and printer sharing a ƙarƙashin Public, a kwamfutocin biyu. Kafin a yi haka a kashe Wi-Fi, domin buɗewar ta shafi duk wata hanyar jama'a da kwamfutar ke kai, har da ta makaranta ko ta hostel.

Daga nan a gwada. A kwamfuta ta biyu a buɗe cmd a rubuta ping 192.168.50.1. Idan aka ga "Reply from" tare da adadin lokaci, hanya ta buɗe. Idan aka ga "Request timed out", galibi katangar tsaro ce, ta Windows ko ta wata manhajar riga-kafi da aka saka.

Sai a koma kwamfuta ta farko, a danna dama a kan foldar da za a tura, a shiga Properties, sannan Sharing, a danna Share, a zaɓi sunan mai kwamfutar. Izinin Read ya isa, ba sai an ba da damar gogewa ba. A kwamfuta ta biyu a danna Windows da R, a rubuta \\192.168.50.1, za ta nemi suna da kalmar sirri. Na kwamfuta ta farko ake nufi. Kuma ba lambar PIN ɗin da ake buɗe ta da ita kullum ba. Idan da asusun Microsoft ake shiga, imel ɗin da kalmar sirrinsa za a saka. Asusun da ba shi da kalmar sirri kwata-kwata Windows ba ta yarda a shiga da shi ta kebul, sai an saka masa, ko na ɗan lokaci ne. Tsofaffin bidiyoyin YouTube na cewa a kashe Password protected sharing a huta, amma sababbin Windows 11 kan ƙi irin wannan shiga. Wasu kuma har yanzu suna koyar da HomeGroup, abin da aka cire tun 2018.

Wata shawara da ke yawo ita ce a kunna SMB 1.0 idan foldar ta ƙi fitowa. Wannan tsohuwar ƙofa ce cutar WannaCry ta bi a watan Mayun 2017 ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har da na asibitocin Ingila. Sai dai idan ɗaya kwamfutar Windows XP ce, babu dalilin taɓa ta.

Lokacin kwashewa

A yi Copy, kada a yi Cut. Idan wuta ta ɗauke ko wani ya taka kebul a tsakiyar aiki, asalin na nan daram. A jona caja, a hana kwamfutocin yin barci. Dubban ƙananan fayiloli sun fi babban fim ɗaya jinkiri, ko da nauyinsu ɗaya, don haka dunƙule su a zip yana taimakawa. Ma'adana mai faifai mai juyawa ita ma takan ja aikin baya idan aka kwatanta da SSD.

Kebul ba ya wanke cuta, fayil mai ɗauke da ita haka zai tsallaka, don haka a bincike foldar da Windows Security. Manhajoji irin su AutoCAD da MATLAB da Office kuma ba sa ƙaura ta hanyar kwafe foldarsu, sai an sake girka su a sabuwar na'ura.

Idan an gama, a duba Properties na foldar a ɓangarorin biyu, adadin fayiloli da nauyinsu su zo daidai, a buɗe furojet ɗin a gani da ido kafin a goge ko a sayar da tsohuwar. Sannan a kashe rabon foldar, a mayar da saitin Public yadda yake, a koma ncpa.cpl a zaɓi "Obtain an IP address automatically". Wanda ya manta da wannan na ƙarshe, ranar da ya jona kebul a ɗakin kwamfuta na makaranta intanet ba za ta zo ba, har ya fara zargin kafar LAN ɗinsa ta lalace.