Da Yayyafi Kogi Kan Cika: Yadda Ake Tunkarar Jingar Lissafin Intagiral

Gabatarwa

Mai karatu zai iya tambaya, me ya haɗa ɗalibin harshe da lissafi? A hutun da ya wuce na je gida Gawu Babangida, hedikwatar ƙaramar hukumar Gurara a Jihar Neja, na tarar da ƙanena ya kwana uku yana fama da wata jinga ta kalkulas. Yana ajin farko a jami'a, ya riga ya faɗi gwajin farko, idan ya sake faɗuwa sai ya maimaita kwas ɗin. Ƙa'idoji kam ya haddace su. Amma da na ce ya faɗa mini da Hausa mene ne intagiral, sai ya yi shiru. A nan na gane matsalar ta ma'ana ce, wato ta shigo fagenmu. Muka zauna da littafinsa, ga abin da muka fahimta.

Mene ne Intagiral?

Intagiral shi ne tara ƙananan yankuna masu ɗimbin yawa domin a sami jimlarsu. A ɗauki gonar da ke bakin kogin Gurara, wadda iyakarta ta lanƙwashe. Ba a iya auna ta da tsawo sau faɗi. Amma idan aka yanka ta kunya-kunya, kowace kunya ta kusa zama miƙaƙƙiya, sai a auna a tara. Gwargwadon sirancin kunyoyin, gwargwadon kusantar amsar gaskiya. Alamar lissafin ma haka take nufi, domin doguwar S ce da Bajamushe Leibniz ya fara amfani da ita a 1675, daga kalmar Latin mai ma'anar jimla. Tun kafin shi, a ƙarni na 11, Ibn al-Haisam ya yi irin wannan tarawa wajen auna cikin wani jiki mai lanƙwasa.

Matakan Yin Jingar

Na farko, ɗalibi ya maimaita tambayar da harshensa. Me ake nema, faɗin fili ne ko cikin mazubi? Daga ina zuwa ina?

Na biyu, ya zana hoton kafin ya taɓa ƙa'ida.

Na uku, ya tuna cewa intagiral kishiyar difaranshiyal ne, wato lissafin saurin canji. Saboda haka kowace amsa tana da hanyar tantancewa: a mayar da ita baya, a ga ko ta dawo da tambayar. Misali, an ce a nemo filin da ke ƙarƙashin layin y = 2x daga 0 zuwa 3. Abin da difaranshiyal ɗinsa ke ba da 2x shi ne x². A sa 3, a sami 9; a sa 0, a sami 0; amsa 9. A zane kuwa alwatika ce mai gindi 3 da tsayi 6, rabin 18 kuma 9 ne. Idan tambayar ba ta da iyakoki, kada a manta da ƙara C.

Na huɗu, ya duba aljabararsa layi-layi. Yawancin kurakuran ƙanena ba na kalkulas ba ne, alamar ɗebewa ce ke ɓace masa a hanya.

Na biyar, ya yi tambaya uku ko huɗu kullum maimakon ashirin a daren miƙa aiki. Tattaunawa da abokai tana da amfani, amma kwafe amsarsu ba ya raka mutum ɗakin jarrabawa.

Kammalawa

Ƙanena ya kammala jingar da hannunsa cikin kwana biyu. Ni kuma na dawo da darasi ga namu karatun. Da yawa daga cikinmu mun haddace sunayen ajin aikatau bakwai na Parsons, amma ba mu iya bayyana su ga ɗan firamare da misali. Duk abin da ɗalibi ya kasa faɗa da harshen uwarsa, to da sauran aiki a gabansa. Allah ya ba mu ilimi mai amfani.